BABI NA UKU: ƘARIN KUBEN JIJIYA WANDA BA YA YAƊUWA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani a kan wani rukuni na ƙari wanda yake tsirowa daga kuben da ya lulluɓe jijiyoyin jikin ɗan Adam, wanda kuma ba ya cikin jerin ciwon daji. Za a fara da fayyace kalmomin da aka yi amfani da su, sa'annan a dubi ƙirar jijiya ita kanta. Daga nan za a kawo ire-iren wannan ƙari da musabbabinsa da alamominsa da hanyoyin gano shi da kuma yadda ake magance shi. Manufar babin ita ce a nuna cewa rashin yaɗuwar wannan ƙari bai mayar da shi abin wasa ba, saboda a kan jijiya yake zaune, kuma abin da likita yake ƙoƙarin cetowa a kowane lokaci shi ne aikin wannan jijiya, ko dai motsin hannu da ƙafa, ko jin kunne, ko motsin fuska. Za a ga cewa makomar majiyyaci ta rataya ne a kan amsar tambaya guda: shin ƙarin yana gefen zaren jijiya ne, ko kuwa ya cuɗanya da shi?

3.1 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Kalmar "jijiya" tana da faɗin ma'ana a harshen Hausa. Bahaushe yakan kira hanyar da jini yake bi da sunan jijiya, yakan kira igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi da wannan suna, kamar dai agara, haka kuma yakan yi amfani da kalmar ga farin zaren nan da yake kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da laka da sauran sassan jiki. Duk inda aka ambaci jijiya a wannan babi, to wannan ta ukun ake nufi, watau jijiyar saƙo, wadda ta hanyarta ne mutum yake jin zafi da sanyi da taɓawa, yake kuma motsa gaɓoɓinsa.

"Kube" kuwa asalinsa gidan takobi ne ko na wuƙa. An aro kalmar a nan domin a bayyana rigar da ta lulluɓe zaren jijiya, tana kare shi, tana kuma taimaka masa wajen aiki.

Shi kuma "ƙari" tsiron nama ne wanda yake samuwa idan wasu ƙwayoyin halitta na jiki suka ci gaba da hayayyafa fiye da yadda ake bukata. Likitoci sun kasa shi gida biyu. Akwai mai yaɗuwa, wanda yake cin naman da ke kewaye da shi, ya kuma bi jini ya kafa reshe a huhu ko hanta ko ƙashi. Shi ne ake kira ciwon daji ko sankara. Akwai kuma wanda yake zaune wuri ɗaya, yana girma sannu a hankali, ba ya kai reshe ko'ina. Wannan na biyun shi ne abin nazari a nan. Ɓarnarsa ta danniya ce, watau yakan matse abin da ya tarar a maƙwabtansa har ya hana shi aiki.

3.2 Ƙirar Jijiya

Jijiyoyin da suka fito daga ƙwaƙwalwa kai tsaye guda 12 ne a kowane ɓangare, dama da hagu, waɗanda suka fito daga laka kuma 31 ne a kowane ɓangare. Idan aka datse ɗaya daga cikinsu aka duba da madubin likita, za a ga ta yi kama da kebur na lantarki. A cikinta akwai dubban ƙananan zaruruwa waɗanda su ne saƙo yake bi. An ɗaure zaruruwan dami-dami, kowane dami da kubensa, sa'annan aka haɗa dammunan duka cikin wani babban kube na waje.

Kowane zare yana tare da wasu ƙwayoyin halitta na musamman da ake kira ƙwayoyin Schwann, waɗanda suka ci sunan masanin nan na ƙasar Jamus, Theodor Schwann (1810-1882), wanda ya bayyana su a ƙarshen shekarun 1830. A kan manyan zaruruwa, ƙwayar Schwann tana nannaɗe kanta ne sau da yawa kamar yadda ake naɗa rawani, ta samar da wani farin rufi mai maiƙo da ake kira mayelin. Tsakanin ƙwaya da ƙwaya akwai ɗan gurbi, kamar gaɓar kara, kuma saƙo yana tsallake ne daga gaɓa zuwa gaɓa. Wannan ne ya sa a zare mai kaurin rufi saƙo yakan yi gudun da ya kai mita 120 a daƙiƙa guda, alhali a zaren da ba shi da wannan rufi gudun bai cika wuce mita 2 ba. Har ila yau ƙwayoyin Schwann ne suke share wa zare hanya idan ya tsinke domin ya sake tofowa, kuma tofon bai wuce kimanin milimita 1 a rana ba. Ke nan jijiyar da aka datse a gwiwar hannu tana bukatar watanni masu yawa kafin ta kai ga yatsu, idan ma ta kai.

Ƙwaƙwalwa da laka da jijiyar gani suna da nasu ƙwayoyin rufi na daban. Saboda haka ƙarin da ake magana a kansa galibi yana farawa ne daga inda jijiya ta bar ƙwaƙwalwa ko laka, har zuwa ƙarshenta a cikin fata.

3.3 Ire-iren Ƙarin Kuben Jijiya

3.3.1 Shuwanoma

Shuwanoma ƙari ne wanda kusan dukkan jikinsa ƙwayoyin Schwann ne zalla. José Verocay, ɗan ƙasar Urugwai, ya bayyana yadda ƙwayoyinsa suke jeruwa sahu-sahu a shekarar 1910. A 1920 Nils Antoni na ƙasar Suwidin ya nuna cewa namansa iri biyu ne, akwai inda ƙwayoyin suka cunkushe, akwai kuma inda suka yi sako-sako. Har yanzu da waɗannan alamomi ake gane shi a ɗakin gwaji.

Yawanci guda ɗaya yake fitowa, kuma ya fi kama manya 'yan shekara 20 zuwa 50. An fi samun sa a kai da wuya da cikin hannu da bayan ƙafa da kuma saiwar jijiyoyin laka. Yana girma cikin shekaru, kuma da wuya ƙwarai ya rikiɗe ya zama ciwon daji. Abin da ya fi muhimmanci game da shi shi ne yanayin zamansa. Yakan faro ne daga dami guda na jijiya, ya yi wa kansa jaka, ya tura sauran dammunan gefe, kamar dutsen da aka cusa a cikin tufkar igiya, silin igiyar suka zagaye ta bayansa ba tare da sun tsinke ba. Dalilin haka ne ƙwararren likitan fiɗa yake iya tsaga kuben a inda babu zare, ya ɓare ƙarin ya fitar da shi ɗungurungum, ya bar jijiyar tana aiki.

3.3.2 Ƙarin Jijiyar Kunne

Wannan shi ma shuwanoma ne, amma an ware masa wuri saboda hatsarin mazauninsa. Yana fitowa ne a jijiya ta 8 daga cikin jijiyoyin kai, wadda take ɗauke da saƙon ji da na daidaituwar jiki, kuma galibi daga reshen daidaituwa yake farawa. Kimanin kashi 8 cikin 100 na ƙarin da ake samu a cikin ƙoƙon kai irin wannan ne. Jijiyar tana bi ta wata siririyar kafa a cikin ƙashi tare da jijiya ta 7, mai motsa fuska. Idan ƙarin ya cika kafar, sai ya leƙa cikin ƙoƙon kai, inda zai iya danne jijiya ta 5 mai kawo saƙon taɓawa daga fuska, daga bisani ya kai ga gindin ƙwaƙwalwa ya kuma toshe hanyar ruwanta. A wannan mataki ƙarin da ba ciwon daji ba yana iya yin kisa. Eduard Sandifort na birnin Laidin a ƙasar Holan ne ya fara bayyana shi a shekarar 1777, lokacin da yake binciken wata gawa. Matsakaicin girmansa milimita 1 zuwa 2 ne a shekara, wasu kuma sukan tsaya cak na tsawon shekaru.

3.3.3 Nurofaburoma

Nurofaburoma gauraye ne. Ban da ƙwayoyin Schwann, akwai ƙwayoyin da suke saƙa tantanin jiki da wasu ƙwayoyin garkuwa, kuma ba shi da jaka. Zaruruwan jijiya suna ratsawa ne ta tsakiyarsa, kamar yadda ciyawa take a cikin ƙasar gini da aka kwaɓa, ba a iya zare ta sai an farfasa tubalin. Wannan shi ne babban bambancinsa da shuwanoma. Yana zuwa da siffofi kamar haka:

(a) Na fata. Ƙananan ƙulle-ƙulle ne masu laushi a kan fata ko ƙarƙashinta. Idan aka danna ɗaya da yatsa yakan lotsa ciki, idan aka saki ya dawo. Ba sa zama ciwon daji, amma sukan yi ƙaiƙayi, kuma idan sun yi yawa sukan sauya kamannin mutum.

(b) Na cikin jijiya. Yakan kumbura babbar jijiya ta yi tsakiya mai kauri da baki biyu masu tsini, kamar mazari cike da zare.

(c) Mai rassa. Da shi ake haihuwar yaro, ko da yake ba lallai ne a lura da shi tun farko ba. Yana bin jijiya da rassanta, idan aka shafa sai a ji kamar igiyoyi ne suka harɗe a ƙarƙashin fata. Yakan girma sosai a lokacin ƙuruciya har ya sa ɓangaren fuska ko hannu ko ƙafa ya rinjayi ɗan'uwansa, fatar wurin ta yi duhu ta zazzago. Wannan nau'i ne ya fi yiwuwar rikiɗewa ya zama ciwon daji.

3.3.4 Sauran Ƙulle-ƙulle

Akwai ƙarin da yake fitowa daga kuben da ya ɗaure dami, ana kiransa ferinuriyoma, sai dai ba a cika samun sa ba. Akwai kuma ƙullin da yake fitowa a bakin jijiyar da ta tsinke, misali a dungun hannu ko ƙafar da aka yanke. Shi wannan tofon zaruruwa ne da suka rasa hanya suka dunƙule, kuma yana da tsananin zafi idan an taɓa. An kawo shi a nan ne domin yana daga cikin abin da yake biyo bayan yankan jijiya ba bisa ƙa'ida ba.

3.4 Musabbabi da Matsayin Gado

A cikin kowace ƙwayar halitta akwai ƙwayoyin gado waɗanda aikinsu shi ne hana hayayyafa wuce kima, tamkar linzami a bakin doki. Kowace irin wannan ƙwayar gado kwafi biyu ce, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. A shekarar 1971 Alfred Knudson na Amurka ya yi bayanin cewa ƙari yana tasowa ne idan kwafin biyu duka suka lalace a cikin ƙwayar halitta guda. Ga mafi yawan mutane, kimanin kashi 90 cikin 100 na masu wannan ƙari, lalacewar tana faruwa ne a wuri ɗaya kawai a jiki, don haka ƙari guda suke samu, kuma ba sa gadar wa 'ya'yansu. Sauran kuwa an haife su ne da kwafi ɗaya lalatacce a dukkan jikinsu, saboda haka duk inda na biyun ya samu matsala sai ƙari ya fito. Waɗannan su ne masu cututtukan gado kamar haka:

Ta farko ita ce nurofaburomatosis nau'i na 1, wadda ake taƙaitawa da NF1. Friedrich von Recklinghausen na Jamus ne ya bayyana ta a 1882. Tana samun kimanin mutum 1 cikin 3,000, ba tare da bambancin launin fata ko jinsi ba. Ƙwayar gadonta tana kan kuromosom na 17, an kuma gano ta a 1990. Ban da ƙari, masu ita sukan samu wahalar karatu a makaranta, da karkacewar ƙashin baya, da lanƙwashewar ƙashin ƙwauri, da hawan jini. Tsakanin kashi 8 zuwa 13 cikin 100 nasu sukan gamu da ciwon dajin kuben jijiya a tsawon rayuwarsu.

Ta biyu ita ce wadda aka daɗe ana kira NF2. Ba ta kai ta farko yawa ba, domin kimanin mutum 1 cikin 25,000 zuwa 33,000 ake haifa da ita. Ƙwayar gadonta tana kan kuromosom na 22, an gano ta a 1993. Babbar alamarta ita ce shuwanoma a jijiyar kunne ta dama da ta hagu, wanda yakan fara damun mutum wajen shekara 20. Tun da ƙarinta shuwanoma ne, a shekarar 2022 masana suka mayar da ita cikin rukunin da ake kira shuwanomatosis, tare da wasu nau'o'i waɗanda babbar matsalarsu ita ce ciwo mai naci a jiki.

Ya kamata a lura cewa gadon waɗannan cututtuka ya sha bamban da na cutar sikila da aka sani a ƙasar Hausa. A sikila sai uwa da uba sun haɗu wajen bayar da ƙwayar cutar. A nan kuwa ɗayansu ya isa, kuma kowane ciki yana da rabin yiwuwar ɗauka. Haka kuma kusan rabin masu cutar su ne na farko a zuri'arsu, iyayensu lafiya lau. Saboda haka auren zumunta ba shi ne yake kawo ta ba, ba kuma laifin uwa ba ne ko wani abu da ta ci tana da juna biyu.

3.5 Alamomi da Bambanta Shi da Wasu Cututtuka

Alamar farko a hannu ko ƙafa ita ce ƙulli wanda ya daɗe yana girma a hankali. Yakan motsa idan an tura shi gefe da gefe, amma ba ya motsawa ta tsawon jijiya. Idan aka ƙwanƙwasa shi, mutum yakan ji wani abu kamar jan lantarki ya tsarga masa zuwa yatsu. Jules Tinel na Faransa da Paul Hoffmann na Jamus ne suka bayyana wannan alama, kowa daban, a shekarar 1915, lokacin da suke duba sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ƙarin da yake a saiwar laka yakan kawo ciwon baya mai sauka zuwa hannu ko ƙafa, da mutuwar jiki, da raunin tafiya, wani lokaci har da kasa riƙe fitsari. Na jijiyar kunne kuwa yakan fara da raguwar ji a kunne ɗaya, da ƙara a cikin kunnen, da tangaɗi musamman cikin duhu.

Game da NF1, wani taron masana da aka yi a Amurka a 1987 ya tsara alamomi waɗanda idan aka samu biyu daga cikinsu za a tabbatar da cutar, an kuma yi musu gyara a 2021. Daga ciki akwai tabo 6 ko fiye masu santsi a fata, kowane faɗinsa ya wuce milimita 5 ga yaro ko milimita 15 ga wanda ya balaga. Da ɗige-ɗige a hammata ko matsematsi. Da nurofaburoma biyu ko mai rassa guda. Da ƙananan ƙuraje a baƙin ido waɗanda sai da fitilar likitan ido ake ganin su. Da kuma samun cutar ga uwa ko uba.

A ƙasashen da ake da kuturta, kamar Nijeriya da Nijar, wajibi ne a bambanta cututtukan biyu, domin dukkansu suna kawo tabo da ƙulle-ƙulle da kaurin jijiya. Hasali ma ƙwayar cutar kuturta, wadda Armauer Hansen na ƙasar Nowe ya gano a 1873, cikin ƙwayoyin Schwann take shiga ta zauna. Amma tabon kuturta ya fi sauran fata haske, kuma ba a jin taɓawa a kansa, alhali tabon NF1 a fatar baƙin mutum ya fi sauran fata duhu, kuma ji yana nan daram. Kuturta tana kaurara jijiya ne a wasu sanannun wurare, kamar bayan gwiwar hannu da gefen wuya da gefen gwiwa, kuma a nau'inta mai ƙulle-ƙulle ana ganin ƙwayar cutar idan an gwada ruwan fata. Amfanin wannan bambanci babba ne. Kuturta tana warkewa da haɗin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da su tun 1981, kuma jinkiri yana jawo nakasa. Ita kuwa NF1 ba a ɗaukar ta ta cuɗanya ko cin abinci tare, don haka babu dalilin ƙyamar mai ita ko hana yaro zuwa makaranta. Sauran abubuwan da ake iya ruɗewa da su sun haɗa da ƙullin kitse, da kaluluwa, da ƙullin tsutsar makantar kogi wanda yakan fito a kan ƙashin ƙugu da haƙarƙari.

Akwai alamomin da suke nuna cewa ƙari ya fara rikiɗewa, waɗanda kowane mai NF1 ya kamata ya sani: ciwo mai naci wanda yake hana barci, da girma cikin hanzari, da taurin abin da a da yake da laushi, da sabon rauni ko mutuwar gaɓa. Ganin ɗaya daga cikinsu yana bukatar zuwa asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.

3.6 Hanyoyin Ganowa

Likita yakan fara da tambayar tarihin ƙullin da na dangi, sa'annan ya duba fata gaba ɗaya, ya gwada ƙarfin tsoka da jin taɓawa. Hoton sikanin yana da sauƙin kuɗi, kuma a hannu ko ƙafa yana iya nuna jijiya tana shiga ƙullin ta gefe ɗaya tana fita ta ɗayan. Na'urar hoton maganaɗisu, wadda aka fi sani da MRI, ita ce ta fi nuna girman ƙarin da dangantakarsa da abin da ke kewaye, kuma ita ake dogara da ita a kai da laka. Duk wanda jinsa ya ragu a kunne ɗaya ba tare da wani dalili na fili ba, ana yi masa gwajin ji, sa'annan a ɗauki wannan hoto. Tabbaci na ƙarshe yana samuwa ne a ɗakin gwaji, inda ake duba naman da madubi, a kuma rina shi da sinadarin da yake bayyana furotin S100 na ƙwayoyin Schwann. Ɗibar nama don gwaji kafin fiɗa ana yin ta ne idan ana zargin rikiɗewa, kuma da jagorancin hoto, domin allurar kanta tana iya raunata zare.

3.7 Hanyoyin Magani

3.7.1 Sa Ido

Ƙarin da yake ƙarami, ba ya ciwo, bai kuma taɓa aikin jijiya ba, sau da yawa ana barin sa ne ana ɗaukar hotonsa lokaci-lokaci. Wannan ya fi dacewa da tsofaffi masu ƙaramin ƙarin jijiyar kunne, tun da yana iya ƙin girma har ƙarshen rayuwarsu.

3.7.2 Fiɗa

Ana yin fiɗa idan akwai ciwo, ko raunin gaɓa, ko girma mai ci gaba, ko danniya a kan laka da ƙwaƙwalwa. A nan ne bambancin da aka kawo a sashe na 3.3 yake aiki. Shuwanoma ana ɓare shi a bar jijiya, kuma da wuya ya dawo. Nurofaburoma na cikin jijiya yana bukatar likita ya gwada kowane dami da ɗan lantarki yayin aiki, domin ya san wanda zai iya sadaukarwa. Mai rassa kuwa ba a cika iya cire shi duka ba, yana zubar da jini sosai, kuma yakan sake tofowa.

Tarihin fiɗar ƙarin jijiyar kunne yana nuna yadda burin likitoci ya sauya. A farkon ƙarni na 20 mafi yawan waɗanda aka yi wa aikin ba sa tashi. Harvey Cushing na Amurka, wanda ya wallafa littafi a kan wannan ƙari a 1917, ya rage mace-mace ta hanyar ƙwaƙule cikin ƙarin ya bar jakarsa. A 1925 Walter Dandy ya nuna cewa ana iya cire shi baki ɗaya. Daga 1961 William House ya shigo da madubin fiɗa cikin aikin, abin da ya ba da damar ganin jijiyar fuska a kuma kiyaye ta. Ke nan an tashi daga ceton rai, an koma ceton fuska, daga nan kuma ceton ji.

Bisa wannan ne ake gargaɗi game da al'adar kai kowane kumburi wurin wanzami domin a yi masa sakiya ko tsaga. Wannan ƙari ba shi da mugunya da za ta fita, kuma zaruruwan jijiya suna shimfiɗe ne a kan jakarsa, daidai inda aska za ta fara bi. Haka ma a ƙaramin asibiti, idan aka ɗauke shi a matsayin ƙullin kitse aka yanke shi tare da jijiyar, mutum zai rabu da ƙulli ya koma gida da shanyayyen hannu, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

3.7.3 Gashi da Haske

Lars Leksell na ƙasar Suwidin ya ƙera na'urar da take tattara haske mai ƙarfi daga kusurwoyi masu yawa zuwa wuri guda, an kuma fara amfani da ita a kan ƙarin jijiyar kunne a 1969. Ana yin wannan ga ƙarin da bai wuce kimanin santimita 3 ba. Hasken ba ya ɓatar da ƙarin, yana dai tsayar da girmansa a mafi yawan lokuta. Ana kauce wa gasa nurofaburoma mai rassa, saboda hasken yana ƙara yiwuwar rikiɗewarsa.

3.7.4 Magungunan Sha

Gano ƙwayar gadon NF1 ya sa an fahimci hanyar da umarnin hayayyafa yake bi a cikin ƙwayar halitta, aka kuma nemi maganin da zai tare hanyar. A shekarar 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da selumetinib domin yara 'yan shekara 2 zuwa sama masu nurofaburoma mai rassa wanda ba ya fiɗuwa, a 2025 kuma ta amince da mirdametinib domin yara da manya. Magungunan suna rage girman ƙarin da ciwonsa, amma ba sa kawar da shi, suna da tsada, kuma suna bukatar a riƙa duba zuciya da idanun mai shan su.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an yi bayanin ƙirar jijiya da ire-iren ƙarin da suke fitowa daga kubenta ba tare da yaɗuwa ba. An ga cewa shuwanoma yana zama ne a gefen zaruruwa, shi ya sa ake iya cire shi a bar jijiya lafiya, shi kuwa nurofaburoma ya cuɗanya da su, don haka cire shi yana tattare da asara. An kuma ga cewa mafi yawan masu wannan ƙari guda ɗaya suke da shi kuma ba na gado ba ne, sai dai yawan ƙulle-ƙulle da tabo a fata, ko raguwar ji a kunnuwa biyu ga matashi, suna nuni ga cutar gado wadda take bukatar kulawa ta tsawon rai da kuma duba sauran dangi. Abin da ya wajaba ga ma'aikacin lafiya na matakin farko shi ne, duk ƙullin da aka ƙwanƙwasa ya tsarga zuwa yatsu, kada a sa masa wuƙa sai an ɗauki hotonsa, an kuma miƙa majiyyacin ga likitan da ya san aikin jijiya.